Wa Ke Ƙwanƙwasawa a Ƙarƙashin Mota?

Sati biyar na yi da baƙo a ƙarƙashin motata, can wajen tayar gaba ta dama. Bai yi sallama ba, bai faɗi sunansa ba, aikinsa kawai ƙwanƙwasawa. In na hau kwalta mai laushi sai ya yi lamo kamar ba ya nan. Da zarar na sauka layinmu, inda ruwan Agusta ya yashe ƙasa ya bar duwatsu a tsaitsaye, sai ya fara: ƙwal, ƙwal-ƙwal, ƙwal. Wanda ya taɓa yin irin wannan baƙo ya san yadda yake hana mutum sakat. Kana hira da wanda ka ɗauko amma kunnenka yana ƙasa. Ka kwanta da dare, mota tana waje a kashe, kai kana jin ƙarar a cikin kanka. Tun da Allah ya raba ni da shi lafiya, kuma na san akwai masu mota da yawa a Kanon nan da nasu baƙon yake nan daram, na ga ya zama dole in rubuta abin da na koya. Ba sai na ce ka kashe rediyo ka sauke gilas ba. Duk wanda ƙarar nan ta kama ya daɗe da daina jin labaran safe a mota.

Shawara ta farko: ka koyi kwaikwayon ƙarar da bakinka, ka iya ta sosai, domin ranar da za ka kai ta gaban bakanike ba za ta ce uffan ba. Ƙarar mota ta fi amarya a gaban surukai jin kunya. Tun daga gida tana tashe, ƙwal-ƙwal har ƙofar gareji, bakanike yana shiga ya zauna sai tsit. Ku zaga Kabuga, ku dawo, ku sake zagawa, gejin mai yana sauka a kan idonka, ga shi tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 babu mai zagaye don nishaɗi. A ƙarshe ya dube ka da tausayi ya ce, “Alhaji, motar nan lafiyarta ƙalau.” Kana sauke shi, kafin ka sha kwana, baƙonka ya ce ƙwal.

Kunyar nan tana da dalili. Nauyin mutum ɗaya a kujerar gaba ya isa ya danne mota ya matse ɗan sakin da ke kawo ƙarar. Robobin ƙafa kuma sun fi tauri da sanyin safiya, rana na dukansu sai su yi laushi su haɗiye bugun. Sannan titin gaban gareji ba shi ne titin gidanku ba. Saboda haka kai shi ainihin wurin da abin yake faruwa, da safe, ka ba shi tuƙi, in ta kama ka sauka ka tsaya a gefe ka saurara yana wucewa. In ya ce ba shi da lokaci, ɗauki ƙarar a waya ka kunna masa.

Kuma ka rarrabe muryoyin, don kowane ƙarfe da yarensa. Gurnani mai tsawo, gurrr, wanda ke ƙaruwa da gudu kuma ya canza murya in ka ɗan karkata sitiyari, boris ne. Ƙas-ƙas-ƙas a jere idan ka murɗe sitiyari har ƙarshe kana shan kwana, kan shaf ne ya bushe. Ƙiii mai tsinin nan da ke shiga haƙori, wani ɗan ƙarfe ne da aka maƙala wa fad ɗin birki da gangan domin ya yi kururuwa idan ya kusa cinyewa. Sabon fad kaurinsa wajen milimita 10 ne, in ya sauko 3 lokacinsa ya yi. Idan ƙiii ta koma gurza kamar ana niƙa a dutse, ƙarfe ne ke cin ƙarfe, ajiye motar. Gwaf guda ɗaya in ka saka giya ko ka fizgi mota, duba robar da injin ke zaune a kai. Duk waɗannan masu gaskiya ne, suna faɗin sunansu. Munafukin shi ne ƙwal-ƙwal, saboda abu biyar ko shida ne ke iya yin sa, kuma ƙarfen mota yana ɗaukar sauti ya kai shi wani wuri, ka rantse daga baya take alhali tana gaba.

Shawara ta biyu gajeriya ce. Sauke duk abin da ke cikin but: jak, sifana, galan, safayar da ba a ɗaure ba, kular abincin da aka manta tun sallah. Bi notin kowace taya, ka girgiza salansa bayan ta huce. In an yi sa'a, a nan labari zai ƙare.

Nawa bai ƙare ba, ya ma fita ya isa majalisa. Ashe garin nan cike yake da kanikawa, jira suke ka ce motarka tana ƙara. Malamin makaranta, mai sayar da yadi, maƙwabcin da ko keke bai taɓa mallaka ba, kowa ya karkata kai ya ce, “Shakazoba ce.” Allah sarki shakazoba, marainiyar mota! Duk laifin da aka rasa mai shi ita ake ɗora wa. Alhali aikinta ɗaya ne, ta hana mota rawa bayan sifirin ya karɓi bugu, kuma in ta mutu ba ta ɓoyewa. Za ka ga mai yana tsiyaya a jikinta ƙura ta manne, mota tana lilo kamar kwale-kwale bayan kowane tudu, in ka danna kusurwarta da ƙarfi ka saki sai ta yi ta sama da ƙasa maimakon ta tashi sau ɗaya ta tsaya. Tawa ba ta nuna ko ɗaya ba. Amma bakanike na farko ya haska da fitilar waya, ya miƙe ya kaɗe hannu ya ce, “Alhaji, a canza.” Aka canza guda biyu, tun da ba a sabunta ɗaya a bar 'yar'uwarta. Na biya kuɗin da ya isa cefanen wata. Da yamma na shiga layinmu. Ƙwal.

Kalmar nan ta “a canza” ta fi ƙarar ci mini rai. Na biyu ya canza linkeji. Na uku ya canza bushin, ya kuma fara yi wa sitiyari irin kallon da mahauci ke yi wa rago. Babu wanda ya tambaye ni yaushe take yi, a wace irin hanya, da birki ko babu birki. Wane likita ne zai fara yanka kafin ya tambayi inda ke ciwo? Ga shi tun da darajar naira ta faɗi kayan mota sun yi tashin gwauron zabi, abin da a da ake saye a gwada yanzu sai an ci bashi. Amma in gaskiya za a faɗa, mu masu mota muna da namu kason. Mutum yana cikin rana tun safe, ya ɓata awa biyu yana laluben ƙara, ya gano noti ne ya saki, ya ɗaure, sai mu ce “Allah ya saka” mu miƙa masa kuɗin ruwan leda. Mu muka koya masa cewa ƙarfe ake biya, ba a biyan sani. To don me ba zai ce a canza ba? Ka gaya masa tun farko, “Injiniya, kuɗin dubawa daban zan biya, amma ba za a sayi komai ba sai ka nuna mini sakin da idona.” Gani ya kori ji. Abin da ya lalace, ko dai yana motsi inda bai kamata ba, ko yana yoyo, ko ya tsage, kuma duk ukun ido yana gani.

Shawara ta uku ita ce ta cece ni, amma bari ta ɗan jira, domin ta huɗu maganar rai ce. A ɗaga mota a girgiza taya. Kafin komai, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti yana iya rugujewa ba tare da ya yi gargaɗi ba. A sa ƙafar ƙarfen da aka yi don haka, ko a hau rami. Kama taya, hannu ɗaya a inda agogo ke nuna 12, ɗaya a 6, ka jijjiga. In ta yi motsi, boljoyin ne ko boris. Mai da hannu 9 da 3 ka sake. In ta kaɗa kai alhali sitiyari bai motsa ba, tayarod ne. Sai dai akwai tarko a nan. Yawancin ƙananan motoci suna da irin ƙafar da ake kira da sunan wani injiniyan Amurka, Earle MacPherson, wadda sifirin da shakazoba suke haɗe a sanda ɗaya daga taya zuwa jikin mota. Irin wannan, in taya tana reto a sama sakinta yana fitowa. Amma akwai motocin da nauyinsu ke sauka a kan ƙarfen ƙasa da kanikawa ke kira lowa-am, ya bi ta boljoyin. Su sai an sa jak a ƙarƙashin ƙarfen kansa, an zura sanda a ƙasan taya an ɗaga, sannan boljoyin yake faɗin gaskiya. Ka girgiza yadda aka saba ka ji ta gam, ka tafi da murna, alhali saura ƙiris.

Kowa ya taɓa ganin ƙarshen wannan ƙiris ɗin: mota a tsakiyar titi ta durƙusa kamar raƙumi, tayar gaba ta kwanta waje guda, mai ita yana tsaye da waya a kunne. Wanda abin ya same shi a cikin gari yana tafiya a hankali, sai ya gode wa Allah. A hanyar Zariya, ana gudun kilomita 100, da iyali a baya, ba na son in ƙarasa. Kuma abin daga 'yar robar da ke rufe da boljoyin yake farawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Robar ta yage, ƙurar hunturu ta shiga ta cakuɗe da giris ta zama yashin goge tukunya, ruwan damina ya zo ya wanke abin da ya rage. Don Allah, don Annabi, in wani ya ce zai bubbuga maka boljoyin da guduma ya matse, ko ya cusa masa leda ya yi shiru, ɗauke motarka ka tafi. Bakin mai gargaɗi kawai ya toshe, ciwon yana nan yana ci.

Tun da an zo nan, bari in kai kukana ga masu gina kunya a titi. Na san dalilinku, wallahi na sani. Duk unguwar da aka taɓa kaɗe yaro tana da haƙƙin ta rage wa masu ganganci gudu. Amma tudun rage gudu daban, katanga daban. A layinmu akwai guda bakwai tsakanin masallaci da injin markaɗe, kowanne da tsayin da maginin ya ga dama, babu fenti babu alama, da dare sai ka ji shi a haƙarƙarinka kafin ka gan shi. Akwai wanda aka zuba da ragowar kankaren ginin wani, bakinsa kamar na gatari. Mai adaidaita sahu yana hawansa da addu'a, mace mai ciki tana ƙanƙame da ƙarfe, wanda ya ɗauko mara lafiya da tsakar dare ma sai ya tsaya cak. A yi shi da faɗi, da gangara, a shafa masa fari, kowa ya huta! Kai kuma direba, gama taka birkinka kafin ka iso, ka saki sannan ka hau, saboda birki yana tura nauyin mota gaba ya danne ƙafa, tudun kuma ya zo ya doke ta a danne. Amfani ɗaya na samu a kunyoyin nan. Hau ɗaya kai tsaye, tayoyin gaba biyu tare, sannan ka dawo ka hau a karkace, taya ɗaya kafin ɗaya. In ƙarar ta fi tashi a karkace, zargi linkeji, 'yar sandar nan da ke haɗa ƙafa da ƙarfen da ke hana mota kwanciya a kwana, domin ƙarfen ba ya murɗuwa sai ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tashi.

Idan har ta tabbata sai an sayi kaya, tafi Ƙofar Ruwa da tsohon a hannunka, mutumin Kaduna ya tafi Panteka, ka ɗora shi kusa da sabon ka gwada. Ɗan kasuwa mai amana zai jera maka uku: na asali, ɗan Beljiyam da aka ciro daga wata mota, da sabo mai kwali mai ƙyalli wanda kuɗinsa ke sa ka murmushi. Araha ba ta ado, balle a ƙafar mota. Kuma ka tsaya a kai wajen ɗaure bushin, sai an sauke mota ta zauna da nauyinta ake ƙarasa ɗaure notinsa. In aka ɗaure tana sama, ana saukewa robar za ta murɗe ta zauna a murɗe, ba da jimawa ba ta tsage, ka ce jabu aka sayar maka.

Yanzu mu koma kan shawara ta uku, wadda na ce ta jira. Wani abokin aiki ne ya kai ni wurin wani dattijon bakanike mai furfura har a gira, wanda ya koyi aiki a kan Peugeot 504 tun ana haɗa ta a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975. Garejinsa rumfar kwano ce da benci ɗaya da akwatin sifana wanda fentinsa ya daɗe da gogewa. Na fara kwaikwayon ƙarar, ya ɗaga hannu.

“Malam, bar shi. Kai ni inda take yi.”

Muka zo layinmu, shi ke tuƙi, a hankali kamar mai rakiyar amarya. Ƙwal, ƙwal-ƙwal. Sai na ga ya ɗora ƙafar hagu a kan birki, ɗorawa kawai, ko gudu motar ba ta rage ba. Tsit. Duwatsun suna nan, motar tana girgiza, amma babu ƙara. Ya ɗage ƙafa, ƙwal-ƙwal. Ya mayar, tsit. Sau uku ya yi haka, sannan ya tsaya ya dube ni.

“Wa ya taɓa birkin nan na ƙarshe?”

“Baba, an sa mini sabon fad a farkon damina, amma sai da na faɗa wani rami na fara jin ƙarar.”

“Ramin tashinta kawai ya yi. Mu je ka gani.”

Ga shawarar a fili. Bi hanyar da ke tayar da ƙarar, ka ɗan taɓa birki. In ta ɗauke, ƙyale shakazoba da danginta tukuna ka fara da birki, saboda taɓawar nan tana matse fad da kalifa, ƙarfen da ke danna fad, su daina wasa. In ba ta ɗauke ba, sai ka koma ƙafa. Gwajin ko sisi ba ya ci. Kuma kafin ka zargi rami, tambayi kanka wane wuri hannu ya taɓa na ƙarshe. Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, tayar dama ce ke cin gefen titi da ramukansa, shi ya sa duk abin da ya yi kuka a dama nan da nan ake cewa hanya ce.

Baba ya cire taya, ya kira ni in tsuguna kusa da shi. Ya sa ɗan yatsa ɗaya ya taɓa kunnen fad, fad ɗin ya yi sama ya yi ƙasa a cikin gidansa, ƙwal-ƙwal, muryar baƙona sak. A inda kunnen ke zama ya kamata a ce akwai wasu siraran ƙarafa masu sheƙi, ba su fi faɗin farce biyu ba, masu ɗan lanƙwasa, waɗanda ke riƙe fad ya zame gaba da baya ba tare da ya yi tsalle ba. Babu ko ɗaya. Ya nuna mini tsatsar da ta taru a wurin. Yaron da ya yi aikin ya ga sabon fad ya ƙi shiga, maimakon ya kankare tsatsa sai ya fizge ƙarafan ya jefa gefe, fad ya shige salin-alin, aiki ya yi sauri.

Baba ya goge wurin da burushin waya ya sa sababbi. Ya zaro sandunan da kalifa ke zamewa a kansu, ya wanke, ya shafa musu man da aka yi don birki, ya ce giris na gama-gari yana kumbura robarsu har kalifa ta maƙale. Ya bi notin da ke riƙe da gidan kalifa ya tabbatar, domin shi in ya saki, gwaf ɗinsa ɗaya ce mai nauyi a takun farko bayan ka yi baya ka dawo gaba, kuma ba a kwana da shi. Da ya mayar da taya ya ɗaure noti a tsallake, wannan sai wanda ke kallonsa, da ƙarfin hannu, babu zura bututu a sifana ana tsalle a kai. Kafin ya motsa motar ya yi ta taka birki har feda ta yi tauri. Ina tsugune ina kallo, raina yana tafasa. Sati biyar, kanikawa uku, kuɗin cefane, duk a kan abin da bai cika tafin hannu ba. Abin da ya fi damuna, motoci nawa ne ke kai yara makaranta da safe da birkin da aka haɗa haka?

Washegari na koma garejin da aka sa mini fad, da ɗaya daga cikin ragowar sababbin ƙarafan a aljihu. Ban je faɗa ba. Na sami yaron a ƙarƙashin wata mota, na kira shi gefe, na nuna masa, na gaya masa aikinsa yadda aka gaya mini. Ya jujjuya shi a tafin hannunsa mai baƙin mai, ya yi shiru, sannan ya ce, “Yallaɓai, ai mun ɗauka na ado ne.” Ya shiga rumfa ya fito da babban gwangwanin madara, ya karkato mini bakinsa. Cike yake da su taf.